Gwargwadon Ƙarfinta: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Ƙananan Kwamfutoci

Ina fuskantar da wannan magana gare ku, 'ya'yana maza da mata na Babban Mutum da kewayenta, tun daga Baure da Zango har cikin birnin Daura, waɗanda Allah Ya hore wa ƙaramar kwamfutar nan da 'yan kasuwa ke kira mini laftof, ko dai mahaifi ya fid da buhunan gero ya saya domin karatunku, ko kuwa wa ya bar wa ƙane bayan ya sauke nasa karatun. Na daɗe ina zaune kusa da wannan sha'ani, ana kawo mani su cikin jakar makaranta ko a naɗe da ɗankwali, ana cewa sun mutu; alhali idan aka bincika da natsuwa, sai a tarar mafi yawansu lafiyarsu lau, an dai ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ne, ko an bar su ba kulawa har suka gaji. Kuskuren da na gani wajen yayyenku shi nake gani wajenku, ba don ƙarancin basira ba, sai don babu wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani.

Wajibi ne mai abu ya san asalin abinsa. A shekarar 2007 kamfanin Asus na ƙasar Taiwan ya fitar da wata 'yar kwamfuta mai suna Eee PC, wadda faɗin fuskarta inci 7 ne kacal. A shekarar da ta biyo baya kuma kamfanin Intel ya fito da injin lissafi mai suna Atom, mai ƙarancin cin wuta da ƙarancin ƙarfi, wanda a kansa aka gina Acer Aspire One da HP Mini da 'yan'uwansu na Dell da Samsung. Galibinsu fuskarsu inci 10 ce, ƙwaƙwalwar aikinsu, wadda masu gyara ke kira ram, giga 1 ce, rumbun ajiyarsu giga 160, kuma ba su da wurin sa faifai. An ƙera su ne domin rubutu da karatu da ɗan leƙa intanet, ba domin wani abu da ya wuce haka ba, kuma zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina yin su. Daga baya wani iri ya biyo, kamar HP Stream, wanda injinsa ya ɗan fi, amma rumbunsa giga 32 ne, a manne da jikin na'urar, ba ya ciruwa balle a sa wanda ya fi shi. Waɗannan su ne, bayan sun gama zamaninsu a Turai da Amurka, suke isowa hannunmu gwanjo, wasu ta Legas da Kano, wasu ta Damagaram da Magarya.

To, ɗana, a cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja, wadda ita ke tashi da farko idan ka kunna, ita ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwa da lokaci, ita ke kula da fayilolinka. Windows ita ce wadda muka fi sani, har mutane suna zaton babu wata. Ita kanta wannan babbar manhaja tana da nauyi, kuma kowane sabon bugu nata ya fi na bayansa nauyi. Abin da nake gani kullum shi ne, yaro ya ga abokinsa mai babbar kwamfuta da sabon windo, sai ya ɗauki tasa mai ram giga 1 ya kai shago ya ce lallai shi ma irin wannan yake so, mai shago kuwa, tun da kuɗin aikinsa zai karɓa, ya ɗora masa. Daga ranar nan sai kunna na'urar ya zama aikin haƙuri: a danna a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba, a buɗe shafi guda fanka ta kama kuka, a rubuta kalma a tsaya ana jiran haruffa su bayyana. Jaki dabba ce mai albarka, ya kai taki gona ya kawo amfani gida shekara da shekaru, matuƙar ba a aza masa kayan raƙumi ba. Ran da aka aza masa kuwa ya durƙushe, laifin na mai lodi ne. Kamfanin Microsoft da kansa ya sharɗanta wa Windows 11 ram giga 4 da rumbu giga 64 a mafi ƙaranci, Windows 10 kuwa, ko da yake tana yarda ta shiga na'ura mai giga 1 ko 2, shiga daban, aiki daban. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Sai dai kada ka fahimci cewa tsira tana cikin zama a kan tsohon windo ido rufe, domin nan ma akwai mafsada. Microsoft ya daina aiko wa Windows XP gyaran tsaro tun watan Afrilu na 2014, ya daina wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a Oktoban 2025. Ma'anar wannan ita ce, duk wata ɓaraka da miyagu suka gano a jikin tsohon bugu, a buɗe za ta zauna. Masu shekaru a cikinku za su tuna annobar WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta bi ta kwamfutocin da ba a sabunta ba ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe masu yawa, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Saboda haka wanda ya bar XP ko 7 a kan na'urarsa, ya bar ta a matsayin allon karatu da rubutu, kada ya shiga asusun banki da ita, kada ya riƙa yawo da ita cikin intanet.

Akwai hanya ta uku, wadda ni a ganina ita ta fi dacewa da mafi yawanku, ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, jama'a daga ko'ina a duniya suka taru suka raya ta, kuma kyauta ce ta halal, an yarda kowa ya kwafa ya ba wani. Eee PC ɗin farko ma da ita ta fito daga masana'anta. Tana da bugu iri-iri, daga cikinsu akwai waɗanda aka sassaƙa musamman domin tsofaffin na'urori, kamar antiX da Puppy Linux, akwai kuma Lubuntu ga wadda ta ɗan fi ƙarfi. Amma kafin ka zaɓa, duba sunan injin da ke cikin taka, domin Atom N270 da N280 bugu mai bit 32 kawai suke ɗauka, N450 da N455 kuwa suna iya ɗaukar mai bit 64. Kuma manyan gidajen Linux suna ta janye hannu daga bit 32, Ubuntu ta daina tun shekarun baya, Debian ma ta bi sahu a bugunta na 13 da ya fito a 2025. Wani alherin Linux shi ne, kana iya zuba ta a filashi da manhaja irin Rufus ko Ventoy, ka tada kwamfutar daga filashin, ka gwada sauti da waya-fai da allon rubutu har ka gamsu, ba tare da ka taɓa ko fayil guda na cikin rumbunka ba. Wanda ya gwada kafin ya ɗora, ya huta da nadama.

Ba zan ɓoye muku iyakarta ba, domin nasiha ba ta cika da rabin gaskiya. Ɗalibin ilimi da ya dogara da Maktaba Shamila, ya sani tun asali an gina ta ne domin Windows, haka nan da yawa daga manhajojin gwajin jarrabawar JAMB da ake sayarwa. Irin wannan ɗalibi, idan rumbunsa yana da fili, ya ajiye Windows da Linux gefe da gefe, ya shiga windo domin littattafansa ba tare da intanet ba, ya shiga Linux domin hulɗa da duniya. Abin da ya kamata ya yi hukunci shi ne buƙatarka, ba abin da ake yayi ba.

Daga nan sai maganar inda ake samo manhaja. Malamanmu ba su karɓar ruwaya sai sun san isnadinta, wane ya ji daga wane, kuma ba su aminta da kwafin littafi sai an yi muƙabalarsa da asali. Ina roƙonku ku ɗauki wannan ladabi ku shigo da shi nan. Windon da aka ɓalle wa makulli, da tarin manhajojin da ake zuba wa mutum a shago a ce kyauta ce aka ƙara masa, babu wanda ya san hannu nawa suka bi, ko me aka cusa a cikinsu. Ga haƙƙin masu abu a wuya, ga haɗari a kan sirrinka. Ɗauko manhaja daga gidan da ya yi ta, ko daga ma'ajiyar da Linux ɗinka ta tanada. Masu fitar da Linux suna buga wata doguwar lamba tare da kowane bugu, wadda idan ka lissafa ta kwafinka ta yi daidai da tasu, ka tabbata ba a canja ko harafi ba. Koyon wannan bai fi zama guda ba. Game da maganin bairos kuwa, guda ɗaya mai sauƙi ya wadatar; na sha ganin 'yar na'ura ɗauke da uku, kowane yana tuhumar ɗan'uwansa, sun cinye ƙwaƙwalwar kaf, mai ita kuwa yana zaton ƙarin tsaro ya yi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mani rai, wanda saboda shi ne ma na ɗauki alƙalami. Kwamfuta ana sake saye, babbar manhaja ana sake ɗorawa cikin sa'a guda, amma aikin hannunka idan ya tafi ya tafi. Wata yarinya mai ƙwazo, tana shekarar ƙarshe a makarantar gaba da sakandare, ta rubuta babi huɗu na kundin bincikenta a kan irin wannan na'ura, duka a ajiye a kan fuskar kwamfutar inda take ganinsu. Na'urar ta fara nauyi, ta kai wani shago, mai shago ya ce sai an yi fomatin, ita kuwa ta ɗauka wani irin wanki ne da ake yi wa na'ura, ta ce a yi. Shi bai tambaye ta ko tana da kwafi ba, ita ba ta san akwai abin tambaya ba. Da yamma ta karɓi kwamfuta tana gudu kamar sabuwa, babu babi ko ɗaya a ciki. Na ga yadda ta zauna tana buɗe jaka bayan jaka, tana rufewa tana sake buɗewa, ko Allah Ya sa ta yi kuskuren gani. Daga baya ta koma kan tarkacen takardun da ta yi rubutun farko a kansu, ta sake somawa, saura makonni kaɗan a miƙa aiki. 'Yata, fomatin shafewa ce, ba gyara ba ce. Kada ki yarda a yi ta sai kin ga kwafin aikinki da idonki a wani wuri, kin buɗe shi kin tabbata yana buɗuwa.

Rigakafin wannan musiba ba shi da tsada. Tun ranar da za a ɗora babbar manhaja, a raba rumbu gida biyu, ɗaya nata, ɗaya naka, yadda in ta lalace za a share ɗakinta a bar naka. Amma wannan bai isa ba, domin ɗakunan biyu a rumbu guda suke, shi kuwa rumbun da ya shekara goma sha yana juyawa, ranar tsayawarsa ba ta sallama. Idan ka fara jin yana ƙas-ƙas kamar ana taɓa ƙarfe da farce, to ya yi maka gargaɗi. Saboda haka kowace Juma'a, ko duk ranar da ka ga ta fi maka, kwafe aikinka a filashin da ba ka ba kowa aro, ka kuma aika wa kanka da shi ta imel in ka sami intanet, domin fayil ɗin rubutu ba ya cin data. Filashin nan kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar, don ɓarawo da ruwan sama ba su zaɓe.

Tun da an ambaci filashi, bari in yi muku bushara da wani abu. Da yawanku kun kai filashi wurin buga takarda, kun dawo kun tarar jakunkunanku sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya a gindi, kun ɗauka komai ya salwanta, har wasu suka share filashin da hannunsu cikin ɓacin rai. A mafi yawan lokuta fayilolin suna nan, ɓoye su kawai bairos ɗin ya yi. Kada ka danna gumakan, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin na'urarka. Sa filashin a kwamfuta mai Linux, inda wannan bairos ba ya iya motsi, za ka ga kayanka a fili, ka kwashe su, sannan ka share sauran. Ka kuma keɓe filashi guda na zuwa shago, ka mayar da takardarka PDF kafin ka kai, don kada tsarin shafukanka ya wargaje a na'urar wani.

Sha'awar gyara kwamfuta ta dace da ɗabi'ar mai ita abu ne mai kyau, ba na hana ku. Ina dai so ku bambance ado da gyara. Hotunan bango masu motsi, da agogon da ke yawo a fuska, da manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna, kowannensu yana gutsurar ƙwaƙwalwar da dama ba ta da yawa. Kashe abin da ba ka buƙata a cikin masu tashi da kansu, rage walƙiyar tagogi, kada ka buɗe shafukan intanet fiye da biyu ko uku a lokaci guda, cire duk manhajar da ka yi wata uku ba ka taɓa ba. In Allah Ya buɗa maka, ƙara ram zuwa giga 2, wanda shi ne iyakar mafi yawan masu Atom, ka kuma musanya tsohon rumbu da irin sabon nan mara juyawa da ake kira SSD. Waɗannan biyu sun fi kowace dabara tasiri.

Gyaran da ya fi cancanta da lokacinka shi ne ka koya wa na'urarka harshenka. Abin takaici ne ɗan Daura ya rubuta takarda babu ƙ babu ɗ babu ɓ, mai karatu yana lalube tsakanin ma'anoni, alhali Windows tun daga bugu na 7 tana da tsarin allon rubutu na Hausa, Linux ma tana da shi, kunna shi kawai ake yi. Idan ka buga harafi mai lanƙwasa ya fito ɗan akwati, to salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da shi. Koma kan Charis SIL ko DejaVu ko Noto, dukkansu kyauta ne. Masu rubuta ajami kuma an yi musu salo mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa irin rubutun hannun da aka saba da shi a Kano da Nijar, da wani mai suna Harmattan. Mu da ke bakin iyaka muna da wata mas'ala tamu: na'urar da ta shigo ta Nijar sau da yawa allonta na Faransanci ne, wanda A ke zaune inda muka saba ganin Q, sai yaro ya danna harafi wani ya fito, ya ce allon ya lalace. Babu abin da ya lalace, tsarin da ke cikin manhaja ne ya saɓa da abin da ke rubuce a kan maɓallai, kuma daidaita su aikin minti biyu ne a wurin saiti. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ya fi maka ka saba da tsarin Ingilishi, wanda shi za ka tarar a ɗakin jarrabawa.

Sabuntawa wajibi ce ga duk na'urar da ke shiga intanet, amma tana da lokacinta. Ba a fafe gora ranar tafiya: kada ka fara sabunta babbar manhaja daren da za ka miƙa aiki, kada kuma ka fara alhali batir ya yi ƙasa kuma wutar ba tabbas, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya hana na'urar tashi gaba ɗaya. Mai Windows 10 da ke jona kwamfuta da wayarsa, ya shaida mata a wurin saiti cewa datarsa a ƙidaye take, in ba haka ba ta shanye ta cikin dare guda. Idan kuwa ka ga burauza tana ƙin buɗe kowane shafi tana cewa babu aminci, duba kwanan wata kafin ka zargi kowa. Akwai ɗan ƙaramin batir a ciki mai riƙe agogo, in ya mutu sai na'urar ta koma wata tsohuwar shekara, shafuka su ƙi ta. Duk abin da ka canja, rubuta shi a ɗan littafi, da ranar da ka canja, domin ran da abu ya rikice ka san ta inda za ka koma.

Jikin na'urar ma yana da haƙƙi. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofar iska, zafin bazara a nan yakan haura digiri 40, saboda haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma tana aiki, a sa ta a kan tebur ko allo, a rufe ta da ƙyalle in an gama. Kada a jona caja sai janareta ya daidaita, kuma cajar da ba tata ba, ko bakinta ya shiga, a duba lambobin wutarta tukuna.

Saura amana, wadda ta shafi ɓangare biyu. 'Ya'yana mata musamman, kafin na'ura ta bar hannunku zuwa wurin gyara, ku kwashe hotunanku da na iyalinku, ku fita daga asusunku, in da hali a yi gyaran a gabanku ko gaban wani naku; ku sa kalmar sirri, ƙanne kuma a buɗe musu nasu asusu daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja. Ku kuma samarin da Allah Ya ba fahimtar wannan fanni, har maƙwabta sun fara kawo muku nasu, ku sani abin da ke cikin rumbun mutum al'aurarsa ce, ba a leƙawa, ba a kwafa, ba a ba da labari. Kuma kada ku share wa kowa na'ura sai kun tambaye shi, da kalmomin da zai gane, ko akwai abin da yake tsoron rasawa. Ina murna ƙwarai da na ga wasunku sun fara koya wa ƙannensu a kan waɗannan 'yan na'urori, har da masu ɗora Kiwix domin a karanta Wikipedia ta Hausa ba tare da data ba.

Ran da na'urar ta kai ƙarshen amfaninta, ko ka yi niyyar sayar da ita, share rumbun sharewa ta gaske ko ka cire shi ka riƙe, domin abin da aka jefa a kwandon shara na kwamfuta mai dabara yana iya dawo da shi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga allon rubutu kuwa, a daina cajinsa nan take, a cire shi, kada a huda shi, kada a sa shi a wuta, kada kuma a jefa shi a bola inda yara ke tsince-tsince. A kai wa masu gyara da ke tara irinsa.